Kwanciyar da Malam Hudu Ya Ƙi

Tun ranar da na sauka a tashar Wudil da jakata a kafaɗa ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wajen mai soya kifi na bakin gada a tare ni, har majinyacin da nake murɗa wa gwiwa a wurin aiki, yana nishi yana cewa, "Likita, wai da gaske da ƙarar bindiga kuke karin kumallo a can?" 'Yan majalisarmu sun fi kowa naci. Su a zatonsu hutu na tafi, wai na dawo na yi baƙi na rame ne don tsabar rowa. Amsata kullum ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. To, ba lafiya lau ba ne. Bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, aikina gashin ƙashi. Suna ne kawai, ba garwashi muke hurawa ba. Idan likitan tiyata ya gama yankansa da ɗinkinsa, mu ake bar wa mutum mu sake koya wa gaɓoɓinsa aiki, mu miƙar da abin da ya ƙage, mu tsayar da wanda ya manta tsayuwa. Ba a son mu, don ba mu zuwa sai da ciwo. Wata ƙungiyar agaji ce ta nemi mai irin aikina wanda ke jin Hausa, don wani asibiti a gabashin Nijar, wajen Tafkin Chadi, inda ake kawo waɗanda rikicin yankin ya raunata. Sunan garin da na ƙungiyar ku bar ni da su. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta dube ni ta ce, "Masu karaya na Kano duk sun warke ne?" Amma ta sa mini albarka, ta kuma cusa mini ƙullin yaji a jaka.

Ga titin gabas nan ya ratsa ta ƙofar gidanmu, amma aka ce ba ta nan za a bi ba. Sai na koma Kano, na haɗu da direban ƙungiyar, wani dogon Badamagare mai suna Isufu, muka yi arewa ta Ɓaɓura. Isufu mutum ne mai surutu, kuma a ganinsa mu Kanawa ba mu iya komai ba sai cika baki. Kafin mu kai iyaka ya riga ya kushe shayinmu, burodinmu, da yadda muke tuƙi. Na bar shi, don a kan tuƙin yana da gaskiya.

A iyaka ne aka zazzage jakata. Jami'in da ke bincike, wani mai ƙiba da gumi ya jiƙa wa riga, ya zaro robobin da muke ba majinyata su riƙa ja don ƙarfafa hannu, ya ɗaga su sama yana tambaya ko danƙon harbi ne. Ya zaro ma'aunin lanƙwasar gaɓa, ya juya shi gaba da baya, bai gane kansa ba. Raina ya fara ɓaci, Isufu ya taka mini ƙafa. Na yi bayani a hankali. Da mutumin ya ji abin da nake yi, sai fuskarsa ta sake, ya kama ƙugu ya ce shi kam bayansa ya hana shi sakat tun bara. Haka na tsallaka zuwa ƙasar mutane: wani babban jami'i kwance a kan benci bayan rumfa, ni kuma ina danna masa gadon baya, 'yan canji da masu sayar da goro suna leƙe. Ya tashi yana ta sa albarka, ya buga mini hatimi da kansa.

Mun kwana a Damagaram, a wani masauki mai tsabta amma ruwan famfonsa sai an yi masa addu'a. A nan na fara cin burodinsu, dogo siriri, mai ɓawon da ya kusa yanka mini dasashi. Da rana aka kawo kwaɗon zogale da suke kira kopto, wannan kam na yaba, har Isufu ya ji daɗi. Hausarsu tamu ce, sai dai su asibiti ma likita suke ce masa. In mutum ya ce zai tafi likita, ginin yake nufi.

Daga Damagaram aka miƙa gabas, tafiyar da ba ta ƙarewa. Mun wuce Gure, mun wuce Maine, shingen sojoji yana ƙara yawa, mutane suna ƙara raguwa. Wajen nan ne na lura Isufu ya yi shiru. Ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan gefen titi. Muka wuce wani ƙauye da babu ko kaza, rufin ɗakuna a ƙone. Daga nan sai bukkokin leda da tsumma a jere a bakin hanya, mata zaune da jarkoki suna jiran ruwa.

Abin da ya fara damuna a garin shi ne shiru. Na kwana na tashi ban gane abin da ya ɓace ba, sai daga baya na ankara: babu babur. An hana hawansa saboda masu kai hari da shi suke zuwa. Ku da kuka san Wudil, ku kwatanta ta babu ƙarar acaɓa ko ɗaya. Kowa a ƙasa ko a kan jaki, kuma ana sallar magariba kowa ya shige gida.

Gidan da aka sauke mu katanga ce doguwa da waya a kanta. Muna ciki da Turawa da 'yan ƙasashen Afirka daban-daban. Su in sun haɗu da safe kumatu suke haɗawa, mace da namiji. Ni dai na riƙa ɗaga hannu tun daga nesa har suka gane. Suna cin ganye ɗanye su ce sun ci abinci. Mai dafa mana tuwo kuwa Babarbariya ce, tattasai ba ya yi mata kaɗan, yajin mahaifiyata har na dawo ban kwance shi ba. Gaisuwar Barebari ta burge ni, don ta fi tamu tsawo, suna ta wushe wushe suna tafa hannu a hankali. Nan kaɗai na ji kamar ina kusa da gida.

Shugabar sashenmu wata Baturiya ce gajera mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "kaɗan-kaɗan" ba, amma hannunta ya san aiki. Ranar farko ta zaga da ni ɗakin maza. Na yi shekaru a asibiti, na ga haɗarin mota iri-iri a kan titin nan namu, amma ban taɓa ganin ɗaki guda cike da mutanen da aka raunata da gangan ba. Wanda harsashi ya farfasa wa cinya, wanda nakiya ta cire wa tafin ƙafa, wanda aka sare wa hannu. Kuma ba sa kuka. Kallo kawai suke bin ka da shi.

A ƙarshen ɗakin ta tsaya a kan wani mutum baƙi siriri, zai yi shekara arba'in da wani abu, an yanke masa ƙafar hagu a saman gwiwa. Ya jingina da bango, ya tusa filo a ƙarƙashin dungulmin. Madam ta zare filon, ta ce mini wannan ya gagare ta, ko ni zai ji maganata.

Na yi masa sallama. Ya amsa, ya ɗora da "Sannu da zuwa, yaya hanya?" Daga jin yadda ya faɗe ta na san ba ɗan nan ba ne.

"Malam, daga ina?"

"Ƙasar Kano."

"Kano ina?"

"Ba za ka sani ba, Likita. Wani gari ne Kausani, ta wajen Wudil."

Na ce masa a Wudil aka yanke mini cibiya. Ya kama hannuna da hannu biyu. Tambayar farko da ya yi ita ce ko kogi ya kawo sosai bana. Sunansa Malam Hudu. Masunci ne. Cin rani ya kawo shi tafki shekarun baya, kifi ya yi masa daɗi, ya riƙa zama yana leƙa gida jefi-jefi. Wayarsa tana ƙasan ruwa, kuma babu wanda ya san halin da yake ciki a Kausani.

Ga matsalar, don ku gane abin da ya hana ni barci a kansa. Wanda aka yanke wa ƙafa a cinya, in ya wuni a zaune, dungulmin yakan saba da ɗagowa gaba. Jijiyoyin gaban ƙugu su ɗaure, mahaɗar ta ƙage a lanƙwashe. In ta kai wani matsayi, ƙafar roba ba ta zama, don mutum ba zai iya miƙewa a kanta ba. Mai haɗa ƙafar kuwa daga babban birni yake zuwa, lokaci zuwa lokaci, ya auna waɗanda suka shirya ya bar sauran. Maganin abin ba tsada, ba allura: mutum ya kwanta rub da ciki safe da yamma, nauyin jikinsa ya miƙar da mahaɗar. Shi ke nan. Malam Hudu kuwa ya ce ba zai yi ba.

Kuma ba don ba ya son ƙafar ba. Ya fi kowa so. "Likita," in ji shi, "da ƙafa biyu na bar Kausani. Ba zan shiga garin nan ina tsalle da sanda yara suna bi na da kallo ba. A sa mini ta robar, in saka wando in rufe, sannan in tafi."

"To ka kwanta rub da ciki mana."

"Haba Likita. Kai ma ɗan Musulmi ne. Kwanciyar 'yan wuta?"

Na yi dariya, don na san zancen. Wane ne a cikinmu bai sha duka a gadon baya yana yaro ba, in an same shi ya kife a tabarma? Ashe rabin ɗakin ma abin da ke hana su ke nan, Madam kuwa ta ɗauka ƙyuya ce. Na yi mata bayani, ta dafe kai. Washegari na je na samo limamin masallacin asibitin, wani dattijo mai sanyin murya. Ya zauna a tsakiyar ɗakin ya yi musu nasiha, ya nuna musu cewa mara lafiya yana da uzuri, kuma neman magani ba saɓo ba ne. Kafin la'asar sai ga mutane a kife a kan gadajensu, suna tsokanar juna. Malam Hudu ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam." Liman yana fita ya mayar da filonsa.

Ku da kuka san ni kun san ba ni da dogon haƙuri. Na lallashe shi, na yi masa tsiya, na ce masa duk taurin kan mutanen Kausani a kansa aka sauke. Ya ce ai gara su da 'yan Wudil da ba su san komai ba sai cin kifin da wani ya kamo. Kullum sai in auna mahaɗar, kullum ina ganin tana ƙara ɗaurewa. Ina kallon ƙafar mutum tana kuɓuce masa karo na biyu, a kan abin da liman ya riga ya warware.

Wata safiya na ce yau sai an yi. Na kira wani nas ya taya ni. Na ce, "Malam Hudu, ɗan kaɗan kawai, ina riƙe da kai." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Muka juya shi a hankali. Ƙirjinsa yana taɓa katifa jikinsa ya sandare. Hannayensa suka tafi bayan ƙeyarsa da kansu, ya haɗa yatsu. Gumi ya karyo masa, gadon yana kaɗawa saboda rawar jikinsa, yana ta maimaita kalmar shahada da sauri cikin wata murya da ban san shi da ita ba. Muka mayar da shi rigingine da sauri. Idonsa a buɗe, amma ba mu yake gani ba.

Ranar bai ci abinci ba. Da yamma na tura shi a keken marasa lafiya zuwa gindin wata bishiyar darbejiya, da suke kira bedi, a bayan ɗakin, na ba shi haƙuri.

"Ba laifinka ba ne, Likita. Ni ne ban faɗa maka ba."

Ya ce da hantsi maharan suka zo, a tsibirin da masunta suke bandar kifi. Suka tara su a bakin ruwa, suka ce kowa ya kwanta rub da ciki, hannu a ƙeya. Suka jera su. Sannan suka fara harbi daga can ƙarshe. Ya ce yana jin ƙarar tana matsowa, mutum bayan mutum, ga yashi cike da bakinsa, kuma ba shi da ikon ɗaga kai ya ga saura nawa. Na kusa da shi abokin jirginsa ne, tare suka ci ɗumame da safen. Da aka zo kansa, Allah ya sa harsashin ya sauka a cinya. Ya yi lamo a haka har rana ta faɗi, yana jin jini yana bin cikinsa. Kafin a kawo shi asibiti ƙafar ta ruɓe.

"Maganar 'yan wuta gaskiya ce, da ita aka tashe mu," in ji shi. "Amma ni in ƙirjina ya taɓa shimfiɗa, yashin nan nake ji a bakina. Ina jin suna tahowa."

Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji wani irin baƙin ciki da har yau bai sake ni ba.

Da na gaya wa Madam, sai muka sake dabara. Akwai wata hanyar, sai dai tana cin hannu da lokaci. Mutum ya kwanta rigingine a ƙarshen gado, ya rungume gwiwarsa mai lafiya a ƙirji, kai kuma ka danna dungulmin ƙasa, ka riƙe, ka saki, ka sake dannawa. Ba ya yiwuwa shi kaɗai, sai da wani. Na ɗaukar wa kaina safe da yamma. Yana ihu yana zagina, wai dama an ce masu gashin ƙashi ba su da imani, ni kuma ina ce masa ya yi ta zagi, in dai cinyar za ta sauka. Ta kuwa fara sauka. Madam ta zo ta duba, ta ce, "Kaɗan-kaɗan." Har ya fara lissafin irin wandon da zai ɗinka.

Sai ranar wata kasuwa, motar 'yan kasuwa ta taka nakiya a hanyar shigowa gari. Ba zan ba ku labarin wannan ranar ba, ba na so. Abin da zan ce shi ne ɗakin ya cika har ƙasa, aka kafa tanti a tsakar asibiti, aka kwashe waɗanda suka ɗan samu sauƙi aka mayar can, har da Malam Hudu. Ni da Madam ne rak masu wannan aiki. Ga waɗanda in ba a buga musu ƙirji sun fitar da majina ba numfashinsu zai tsaya. Ga wata mata da hannayenta suka ƙone, in ba a motsa yatsun kullum ba za su manne, ba za ta ƙara ɗaukar ɗanta ba. Wa za ka bari? Safe da yamma ta koma sau ɗaya, sau ɗaya ta koma in na samu sarari. In na wuce ta bakin tantin da gudu sai in hango shi a zaune ya jingina da buhu, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Yi aikinka, Likita, sun fi ni buƙata." Na roƙi na kusa da shi su riƙa danna masa, amma su ma kowa da nasa ciwon.

A haka mai haɗa ƙafa ya iso. Mutum ne mai kirki, ba ya son yawan magana. Ya kwantar da Malam Hudu rigingine a kan tebur, ya ce ya rungume gwiwa. Dungulmin ya tashi tsaye, ya ƙi kwanciya. Ya danna, ya auna, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya ce ba yanzu ba, a ci gaba da miƙarwa, wataƙila zuwa na gaba. Ni na fassara wa Malam Hudu. Ban taɓa jin nauyin Hausa a bakina irin na ranar ba. Ya ce, "Allah ya kai mu," ya jawo zanensa ya rufe cinyar.

Ba a daɗe ba aka sallame shi, don ana neman wuri, ciwonsa kuma ya warke. Aka ba shi sanduna biyu, aka kai shi sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan gari. Wa'adina ni ma ya zo ƙarshe. Da ƙyar na samu izini Isufu ya kai ni sansanin kafin in taho. Na same shi a ƙofar wata bukka, zaune a kan tabarma yana gyara wa wani komar kamun kifi, don ya samu abin sawa a baki. Daga safe har yamma a zaune, zaman da ya fi kowane ɓata mahaɗar. Na taɓa cinyar, na ji ta kamar icce. Na ce ya zo mu tafi gida tare, ga mota, ni zan nemi izini.

"A haka? A'a, Likita. Sai mai ƙafa ya dawo."

Na yi magiya har na fara faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni saƙo. In je Kausani in nemi yayansa, Malam Garba. In ce yana nan lafiya, aiki ne ya riƙe shi. In ce kada a jira shi bana, a ba wani gonarsa ya noma. "Amma zancen ƙafa, don Allah ka bar shi a cikinka."

Dawowa ba ta da labari. Hanya ɗaya ce, Isufu ya ci gaba da kushe Kanawa daga inda ya tsaya.

Na yi kwanaki a gida ina juya saƙon nan kafin in hau babur in tafi Kausani. Na sami Malam Garba a zaure yana gyara ƙotar fartanya, dattijo ne mai kama da ƙanensa har ya ba ni tsoro. Aka kawo ruwa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce daga wajen Malam Hudu nake. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

"Hudu? Yana raye?"

Ashe labarin tsibirin ya iso su tun tuni. Har an ba su shawara su yi sadaka su haƙura. Na isar da saƙon yadda aka ba ni, kalma bayan kalma. Ya saurara, yana ta hamdala, hawaye yana bin gemunsa. Can sai ya tsaya ya dube ni.

"Ɗana, kai wane aiki ka ce kana yi a can?"

"Gashin ƙashi, Baba."

"To me ya haɗa ka da Hudu?"

Na sunkuyar da kai.

"Hannu ne ko ƙafa?"

Na ɗauki alkawari, amma ban iya yi wa dattijon nan ƙarya a zaurensa ba. Na gaya masa komai, har da dalilin da ya sa ƙanensa ya ƙi tahowa. Na zaci zai rushe da kuka. Sai ya buga cinyarsa.

"Ƙafa? Ƙafa kawai? A kan ƙafa ya bar mu muna makokinsa? Kira shi. Ka ce in ji ni ya taho, ko da rarrafe ne. Wa zai yi masa dariya a garin nan ina raye?"

A gabansa na kira Isufu, na roƙe shi ya je sansanin ya haɗa mu. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Bayan kwana biyu ya kira ni, muryarsa babu wasa a cikinta. An kai hari kusa da wurin, hukuma ta tashi sansanin, an rarraba mutane wurare daban-daban, wasu kuma sun kama gabansu. Ya tambaya, Madam ma ta sa an tambaya. Wani ya ce ya ga mai ƙafa ɗaya an ɗora shi a amalanke an yi yamma. Masu ƙafa ɗaya kuwa a can ba su da wuyar gani. Har yau da nake rubutun nan babu labari.

Malam Garba bai ba kowa gonar ba, shi yake noma ta da 'ya'yansa. In ya shigo Wudil kasuwa ranar Juma'a sai ya biyo ta wurin aikina, ya zauna a benci tare da majinyata har in gama, ya tambaya ko an ji wani abu. Zuwansa na ƙarshe, da na ce babu, bai tashi ba. Ya ce in koya masa dannar nan da na ce ina yi wa Hudu, don in ya dawo kada a ce sai an jira likita.

Na rufe ƙofa, na kwanta a ƙarshen gado, na rungume gwiwata, na nuna masa inda zai sa hannu. Ya danna mini cinya a hankali, ya riƙe, ya saki, yana tambaya ko ya yi yawa. Hannun manomi gare shi, ga ƙarfi ga natsuwa, sau biyu kawai na gyara masa. Na ce masa ya iya, ya kuwa ji daɗi. Ban gaya masa cewa cinyar da na taɓa a sansanin nan ta riga ta wuce abin da hannu zai miƙar ba. Ya ɗauki hularsa, ya ce sai wata Juma'ar.